Gaisuwar da Ta Cinye Jirgin Babanku

Ku matso kusa, 'ya'yana, ku ma jikoki ku ajiye wayoyin nan ku ji. Na gaji da jin kuna cewa babanku ya taɓa ƙera jirgi ya kasa tuƙa shi har ya ɓace a daji. Duk sallah sai wani ya tayar da zancen a kan kwanon nama, ku yi ta ƙyaƙyatawa, shi kuma bawan Allah ba ya nan balle ya kare kansa. Ko da yana nan ma ba zai kare ba, kun san halinsa. To ni ina wurin, da idona na gani, kunnena kuwa bai taɓa cin amanata ba. Babanku ya iya tuƙi. Gaisuwa ce ta cinye jirginsa.

Sai na fara daga Pari kafin ku gane. Babanku ya daɗe yana aiki a butik ɗin yayansa, Alhaji Sani, a La Courneuve, mu kuma muna zaune a Stains. Alhaji shi ya rene shi tun da mahaifinsu ya rasu a Damagaram, shi ya kawo shi Faransa, shi ya yi masa aure, wato ni ma shi ya kawo ni. Mutumin kirki ne, amma irin kirkin nan da yake zauna maka a kafaɗa ya ƙi sauka. A butik ana sayar da atamfa da shadda da turare, ana ɗaure dila ana aikawa gida, babanku kuwa ga furfura ta fara leƙo masa a gemu, ga 'ya'ya uku, amma har lokacin ba shi da wani suna sai yaro. Yaro ɗauko wancan, yaro zuba shayi, yaro raka baƙo tasha. Da aka samo masa aiki a wata izin, wato masana'anta, ta sinadarai a Saint-Fons, gefen Lyon, sai da ya yi ta durƙuso kafin Alhaji ya sake shi. Kuma da sharaɗi ya sake shi: ranar da ya ji abin da bai gamshe shi ba, za a kwashe mu a dawo da mu, babu musu.

A tsakiyar shekarun tamanin ne muka tashi, kuma ni ban tafi da son raina ba. A benenmu na Stains akwai matan Maraɗi da na Tawa da namu na Damagaram, ƙofata tana kallon ta Rabi 'yar Maraɗi, ba ma ƙwanƙwasa wa juna. In kuka ta ƙare mini, in leƙa; in kaina ya tsufa, in zauna a tsakanin ƙafafunta ta yi mini kitso muna tsinke mutanen bene ɗaya bayan ɗaya. A Saint-Fons kuwa in ka buɗe taga sai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya yi maka sallama. Mai jin Hausa a unguwar kaf sai Malam Abakar, mutumin Cadi mai motar rarraba kaya, da matarsa da take shara a asibiti ta dawo ko amsa sannu ba ta iyawa. Ni da bakina bai san hutu ba, sai ga ni ina hira da tukunya. Ban ɓoye wa kowa ba. Kullum in na ajiye wa babanku tuwo sai na haɗa masa da, Malam mu koma. Shi kuma ya ce Allah ya kai mu, ya ci tuwonsa.

Ana nan sai wani tsohon Anasara abokin aikinsa, Misye Marsel, ya ɗauke shi wata Lahadi suka fita. Da yamma ya dawo da dogon kwali a kafaɗa, ya buɗe shi a kan tebur, sai ga katakai sirara, ba nauyi, kamar ɓargon kara.

"Wannan fa?" na ce.

"Jirgi ne."

"Ina injin?"

"Ba shi da inji."

"To me zai tura shi?"

"Iska."

"Malam, ko dai warin izin ɗin nan ya fara taɓa ka?"

Ya ci gaba da shafa katako kamar mai shafa kan jariri. Duk sanyin shekarar nan teburina ya zama nasa, muka koma cin abinci a tabarma, wanda dama ni ya fi mini daɗi. Alluraina suka ƙare, ya soke haƙarƙarin jirgi da su. Maƙalan shanyata suka koma riƙe katako har gam ya bushe. Dutsen gugata ma bai tsira ba, da shi ya liƙa wata jar leda a jikin fukafukan, ni ban sani ba na ɗauka na goge farin mayafina na zuwa suna, ya fito da jan tabo a gadon baya kamar an harbe ni. Da abin ya haɗu, faɗin fukafukansa ya fi babanku in ya ware hannuwa. Asansar, na'urar hawa benen nan, ta ƙi ɗaukarsa, sai ta matakala ake saukar da shi, ana lallaɓawa a kwana kamar ana fitar da mara lafiya.

Tun da ba ni da wata hira, na bar shi ya yi mini bayani. Ya ce suna da kulub, maza ne 'yan izin da wani mai gasa burodi da wani likitan haƙori. Suna hawa kan tudu inda iska take bugun gangare ta miƙe sama, irin wadda angulu take kwanciya a kai ba ta kaɗa fiffike. A nan mutum yake jefa jirginsa da hannu, iska ta tallafe shi, shi kuma yana juya shi daga ƙasa da wani akwatin rediyo mai doguwar eriya da 'yan sanduna biyu a ƙarƙashin manyan yatsu. Da tsohon jirgin Misye Marsel yake koyo kafin nasa ya gama. Kuma suna da doka guda da ba a wasa da ita: wanda jirginsa yake sama ba ya ɗauke ido daga kansa, ko da kudan zuma ta sauka masa a hanci, kuma ba a yi masa magana.

"Ƙiftawa ɗaya," ya ce, "shi ke nan ya tafi."

Na ce ashe akwai inda ake hana mutum magana da gangan, Allah ya raba ni da wurin.

Kun san labari in ya hau bakin 'yan kasuwa. Abin da ya bar Lyon yana wasan Lahadi, kafin ya isa La Courneuve ya zama wai ƙanen Alhaji ya zauce, yana hawa duwatsu da Nasaru suna jifan iska da katako, wasu ma suka ce aljanun izin ne suka shige shi. Alhaji ya bugo talho. Shi da in ya fara gaisuwa sai ka nemi kujera, ran nan kalma uku ya yi: ina nan zuwa. Bai faɗi rana ba. Babanku ya daina cin tuwo, don ya san in Alhaji ya ce tashi, tashi zai yi, ya koma yaro har ya mutu. Ni kuwa a gabansa na fara duban tukwanena ina zaɓen wadda zan fara ɗaurewa.

Ranar wata Lahadi bayan sanyi ya wuce, ranar da jan jirgin zai fara hawa sama, babanku ya fita tun da sassafe. Hantsi na dubawa aka buga ƙofa. Alhaji ne, cikin babbar riga ta farar shadda, ga hula, ga ledar kilishi a hannu. Na durƙusa muka gaisa, na kawo ruwa, bai sha ba.

"Ina yaron?"

"Ya hau tudu, Alhaji."

"Kai ni."

Ni da iyakata kasuwa da ƙofar lakwal, makarantar yara, ina na san tudu? Na bar ku wurin matar Malam Abakar, shi kuma ya zuba mu a motarsa. Hanya ta yi ta nannaɗewa kamar hanji, ni ina baya a kan kwalaye ina salati. Da muka isa saman tudun muka buɗe ƙofa, iska ta tarbe mu da mari. Hular Alhaji ta yi gaba, Malam Abakar ya bi ta da gudu yana yi mata magana da Larabci. Babbar riga ta cika da iska ta kumbura ta zama kamar rumfar biki, Alhaji a ciki yana tafiya a karkace, ni kuma na danne ɗankwalina da hannu biyu. Can bakin gangare ga maza a jere sun ba mu baya, shiru, kamar sahun sallah, sai dai kowa fuskarsa sama take. Ƙasa can shanu suna kiwo. Jiragen kuwa ba su da ƙara ko kaɗan, sai wani ɗan fito in sun gifta.

Nan na hango babanku. Jan jirgin ya fi na kowa nisa, yana kwance a kan iska yana zagaye, shi kuma yana tsaye ya ware ƙafafu yana dariya baki buɗe. Wallahi tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa ganin turamen haƙoransa ba sai ran nan. Wanda ke kusa da shi ya kira shi da sunansa, sunan nan da ni ban taɓa furtawa ba, ya ce masa barabo, wato sannu da gwaninta.

Alhaji bai tsaya kallo ba. Ya nufe shi kai tsaye. Wani daga cikin 'yan kulub ya ɗora yatsa a leɓe yana cewa, shit, Misye, shit, Alhaji ya ɗaga masa hannu irin na na gode, ya wuce.

"Salamu alaikum."

Na ga bayan babanku ya sandare. Ya amsa sallama, ya fara durƙusawa a hankali, a hankali, har ya kai ƙasa, amma idonsa yana sama, yatsunsa suna aiki. Alhaji ya miƙa hannu. Hannun ya tsaya a iska, ba wanda ya karɓa.

"Auta, ni ne fa."

"Na ji, Yaya, sannu da zuwa, bari in ɗan…"

"Tun daga Pari na taso don in ga ƙasan haɓarka?"

Ku da aka haifa a nan, kuna ce wa kawunku salu irin ta Nasara kuna wucewa, ba za ku san nauyin wannan maganar ba. Ƙarami ba ya gaida babba da hannu ɗaya, ba ya gaida shi yana kallon wani wuri, balle wanda ya rene shi. Babanku ya ƙara duban jirgin sau ɗaya. Sai ya cusa akwatin rediyo a hammata, ya sunkuyar da kai, ya kama hannun yayansa da hannu biyu.

Gaisuwar Alhaji Sani kuwa sananniya ce daga Damagaram har Pari. In ya kama hannunka ba ya saki sai ya tambayi kowa da komai.

"Ina kwana?"

"Lafiya lau, Yaya."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina iyali?"

"Suna lafiya."

"Ina yaran? Mai sunan Baba ya daina tarin?"

"Ya daina, alhamdu lillahi."

Hammata kuwa ta danne sandunan nan biyu. Ina ɗaga kai na ga jan jirgi ya miƙe tsaye ya yi adungure a sama, ya sake yin wani. Wasu Nasaru da ba su lura ba suka hau tafi, sun ɗauka gwaninta ce, har mai gasa burodi yana fito da yatsu. Da suka waiwayo su yaba wa gwani, sai suka tarar da shi a tsugune yana kallon takalmin wani mutum mai kama da rumfa, eriya ta fito masa ta baya kamar wutsiya. Misye Marsel ya ƙwalla ihu. Shi ma nasa jirgin yana sama, dole ya fara saukar da shi, ya dangwarar da shi a ciyawa ya taho da gudu da tumbinsa, ya fizge akwatin daga hammatar babanku, ya ɗaga kai yana laluben sama.

"Ina aiki?" in ji Alhaji.

"Aiki da godiya."

"Ina zaman baƙunta?"

"Sai alheri, Yaya."

Bai tsallake amsa ko ɗaya ba. Misye Marsel ya hango wani abu can sama yana shawagi, ya ce sa ye, sa ye, wato shi ke nan, ya kama shi. Ya karkata sanda dama, abin ya yi dama. Kowa ya yi ajiyar zuciya. Ya karkata hagu, abin ya ɗan yi tunani ya yi hagu. Yana cikin lallaɓo shi yana kiransa ɗan ƙaramina, sai abin ya kaɗa fukafukai ya yi tafiyarsa. Shaho ne. Jan jirgin tuni iska ta haura da shi bayan tudu, inda babu komai sai kurmi.

Sai da Alhaji ya tambayi maƙwabta, ya tambayi sanyi, ya isar da gaisuwar mutanen butik, sannan ya ce madalla, ya saki hannu. Ya ɗaga kai ya dubi sama.

"To ina abin naka?"

"Ya tafi, Yaya."

"Kira shi mana."

"Ba ya jin kira."

'Yan kulub duk suka saukar da jiragensu, ba wanda ya ce musu, suka jera suka gangara kurmi nema, har da likitan haƙori da farin wandonsa, babanku da Malam Abakar suka bi su. Kafin su tafi Misye Marsel ya tsaya gaban Alhaji fuska jawur yana zuba Faransanci kamar ruwan famfo. Alhaji da Faransancinsa bai wuce na ciniki ba, ya saurare shi tsaf, ya gyaɗa kai, ya buɗe leda ya miƙa masa kilishi. Tsohon ya rasa abin yi, ya karɓa.

Aka bar ni da Alhaji a kan tudu. Muka fake a jikin mota, ya tattare rigarsa ya zauna a kanta don kada ta tashi da shi. Ya dubi wajen kurmin ya tambaye ni.

"Ya daɗe yana haɗa shi?"

"Duk sanyin nan, Alhaji. Ko barcin kirki ba ya yi."

"Ya san zai ɓace in ya sauke kai?"

"Ya sani."

Ya ciro goro ya ɓare, ya riƙe bai ci ba.

"Waɗannan duk saboda shi suka shiga ƙaya?"

"Saboda shi."

"To ba hauka ba ne. Wauta ce, amma ba hauka ba." Sai ya juyo gare ni. "Ke kuma an ce kullum kuka kike. Amanarki a wuyana take, ni na ɗauko ki daga gidan ubanki. Ba zan tambaye shi ba, ke zan tambaya. Ki ce ku koma, jibi in turo kamiyo ta kwashe kayanku. Ɗakin da ke kusa da na Rabi har yanzu ba kowa."

Kun ji. Abin da na yi ta roƙo a kan sallaya, ga shi an ɗora mini a tafin hannu. Har na ji ƙanshin miyar Rabi a hancina. Na buɗe baki in ce to, sai turamen haƙoran nan suka tsaya mini a ido. Na tuna shi a butik da tiren shayi, kai a ƙasa, ana kiransa yaro a gaban 'ya'yansa. Mutumin da ya bar aikin sanyi guda ya bi iska don kada hannun yayansa ya daɗe a miƙe, in aka ce ya koma ba zai ce uffan ba, kuma ba zan sake ganin haƙoran ba.

"Alhaji, ka bar mu."

"Kin tabbata? Ba na son gobe a ce."

"Ban tabbata ba. Amma ka bar mu."

Wajen la'asar suka dawo, ƙaya ta yayyage su, babanku yana rungume da fiffike guda da suka zaro daga kan itace. Sauran jirgin har yau yana can. Misye Marsel yana tafe yana hawaye, na ɗauka tausayi ne, ashe yajin kilishi ne, kuma bai fasa ci ba. Babanku ya zo zai sake durƙusawa, Alhaji ya ce ya isa.

"Ni na zo ne in ce ku tashi. Matarka ta ce ku zauna. Sai ka zauna. Ba ni wannan."

Babanku ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ni kuma na shiga gyaran ɗankwali. Alhaji ya shiga jirgin ƙasa da fiffiken a kafaɗa, ya rataye shi a butik sama da dilolin shadda. Duk wanda ya tambaya sai ya ce na ƙanensa ne, injiniyan jiragen sama a Lyon. Maganar ta kai gida, aka yi shekaru mutanen Damagaram suna aiko wa babanku saƙo ya taimaka ya samo musu kujerar Makka.

Ya ƙera wasu jiragen bayan wannan, ban san iyakarsu ba, har ya zama shi ke koya wa sababbin shiga kulub. Ni kuma na zauna a Saint-Fons, na saba da warin har in na je wani gari sai in ji iskar ba gishiri. Ban sake zama kusa da Rabi ba. Muna talho, amma ba a kitso ta talho. Da ciwonta ya yi tsanani na ce sai yara sun samu hutun lakwal in je, ban same ta ba, sadakar uku na tarar. Wannan yana nan a raina, ba na ce muku ya wuce ba, kuma ban taɓa ɗora wa babanku shi ba.

To ga shi na faɗa muku yadda aka yi. Yanzu ku faɗa mini tsakaninku da Allah: da kai ne a bakin gangaren nan, abin da ka fi so yana can sama, wanda ya rene ka ya miƙo hannu yana jira, ina za ka kalla?